Ranar Shuka A Babura Da Abin Da Taswirar Yanayi Ke Iya Faɗi

Duk shekara, da zarar watan Mayu ya raba tsaka, babu zancen da ya fi yawa a bakin kasuwa da ƙofofin masallatai na ƙasar Babura kamar zancen ruwa. An riga an gama sharar gona, an kai taki, iri yana ajiye, wasu ma sun yi binne, watau sun zuba gero cikin busasshen rairayi suna sauraron sama. Sai ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, a tafka ruwa na kamar rabin sa'a. Kashegari da sassafe magidanci ya saɓi sungumi ya nufi gona, ya tona ƙasa ya ga iyakar inda laima ta kai. A nan ne zai yanke shawarar da ta fi kowace nauyi cikin shekararsa: ya shuka, ko kuwa ya dakata?

Idan ya shuka, sa'an nan sama ta ɗauke har kwana 15 ko 20, tsiron zai ƙone, iri ya tafi a banza, ya koma neman wani a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada. Idan kuwa ya dakata ya yi ta jira, to, daminar wannan yanki gajeruwa ce, wata uku ce zuwa uku da rabi. Galibi cikin watan Yuni take kankama, wani lokaci ma sai farkon Yuli, kuma kafin ƙarshen Satumba ta fara haramar tafiya. Wanda ya makara da mako biyu yana iya ganin geronsa ya fid da kai ruwa ya yanke. Babura tana dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ruwanta bai kai na Kano yawa ba, kuma jigawa ba ta riƙe laima. Haka lamarin yake a Gwiwa da Roni da Kazaure, ko da yake duwatsu da fadamun can suna ɗan sassauta wa wasu. Dattawan ƙasar ba su manta da farin 1973 ba, shekarar da Kano kanta ta sami kamar rabin ruwan da ta saba samu, ba su kuma manta da na 1984 ba. Tun kafin waɗannan sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga bakin iyayensu.

Ba a ce manomi ba shi da nasa alamun ba. Malamai masu hisabi suna lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, suna faɗin ranar da Haƙ'a ko Zira'a za ta kama. Ana duban isowar shamuwa, da lokacin da gawo ya fara kaɗe ganyensa, da ranar da iska ta bar busowa daga gabas maso arewa ta juyo daga kudu maso yamma da ɗan sanyin laima. Waɗannan alamu ba shirme ba ne. Shamuwa, alal misali, iskar damina take biyowa daga kudu, watau ita da masanin yanayi abu guda suke bi. Sai dai iyakar abin da alamun ke nunawa shi ne damina ta kusa. Ba su faɗin ko bayan ruwan farko za a yi fari.

Ya kamata a kau da wani ruɗani tun da wuri, domin har cikin ma'aikata akwai masu jin ƙyashin maganar. Kirdadon yanayi ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Matar da ta ga hadari ya haɗu ta kwashe shanyarta ba ta yi duba ba, abin da idonta ya gani ta yi aiki da shi. Aikin masu kirdado ke nan, illa dai su idonsu ya fi nisa, domin suna hangen hadarin tun yana ƙasar Cadi.

AWO KAFIN MAGANA

Tushen aikin duka shi ne awo. A kowace tashar yanayi akwai wani farin akwati mai tagogi kamar na shantali, an ɗora shi a kan ƙafafu kimanin tsayin ƙirjin mutum, a ciki akwai ma'aunin zafi da ma'aunin laimar iska. A gefe akwai ma'aunin ruwan sama, wanda ba kome ba ne illa mazurari da kwalba da gilashin awo. A bisa dogon ƙarfe akwai abin da ke nuna inda iska ta fito da irin gudunta, a cikin ofis kuma akwai barometa mai auna nauyin iska. Ma'aikaci yana karanta waɗannan bayan kowace sa'a uku, dare da rana, a lokaci guda da takwarorinsa na duniya baki ɗaya, bisa agogon GMT wanda agogon Nijeriya ya riga da sa'a ɗaya. Sai ya mai da abin da ya karanta jerin lambobi, waɗanda Bahaushe da Bafaranshe da Bajapane duk ma'ana ɗaya za su ɗauka daga cikinsu, ya aika. Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950, ita ce ta tsara wannan musaya, kuma ko lokacin da manyan ƙasashe ke zaman doya da manja ba su daina aika wa juna labarin iska ba.

Awon ƙasa kaɗai bai isa ba, domin ruwa a sama ake ƙulla shi. Saboda haka a wasu tashoshi akan saki balan-balan, ɗauke da 'yar na'ura mai aiko da labari ta rediyo. Tana tashi har kimanin kilomita 30 kafin ta fashe, tana faɗin zafi da laima da gudun iska na kowane hawa da ta ratsa.

A ƙasar Hausa wannan aiki ya daɗe. Tun 1905 ake rubuta ruwan da ya sauka a Kano, kuma wannan dogon lissafi yana cikin abin da masana suke dogara da shi wajen nazarin farin Afirka ta Yamma. Amma abin da ya haɓaka tashoshin ba noma ba ne, jirgin sama ne. Jiragen farko sun sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, bayan 'yan shekaru kuma garin ya zama babban zango tsakanin Turai da sauran Afirka. Matuƙi kuwa ba ya tashi sai an gaya masa halin da sama take ciki. Dalili ke nan da ya sa har yau manyan tashoshi suka fi yawa a filayen jirgin sama, hedkwatar Hukumar Yanayi ta Nijeriya ma, watau NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, a filin jirgin Abuja take. Wannan tarihi yana da nasa sakamako ga manomin Babura, kamar yadda za a gani nan gaba.

YADDA AKE KARANTA TASWIRAR

Awon tasha ɗaya ba ya faɗin kome game da gobe. Sai an jera na Kano da Katsina da Nguru da Damagaram da Maraɗi da Agadas da Bilma a kan takarda ɗaya, kowanne a gurbinsa, sa'an nan sura take fitowa. Wannan ita ce taswirar yanayi. Ba ta yiwu ba sai da aka sami wayar tangarahu a tsakiyar ƙarni na 19, domin kafin nan hadari ya fi ɗan aike sauri. A 1861 aka fara buga kirdadon kullum a jaridar Ingila.

Ɗalibin da ya koyi labarin ƙasa a makaranta zai tuna da taswira mai zagayayyun layuka, masu haɗa wuraren da nauyin iskarsu ya yi daidai. A Turai waɗannan layuka su ne kome, domin can nauyin iska yana hawa yana sauka ƙwarai, kuma inda ya faɗi nan ruwa yake. A ƙasashe masu zafi abin ba haka yake ba. Barometar Kano ba ta cika motsi mai yawa ba daga yau zuwa gobe, har ma ɗan hawa da saukar da take yi tsakanin safe da yamma yakan fi bambancin da ke tsakanin ranar ruwa da ranar rana. Saboda haka masu kirdado na nan sun fi dogara ga taswirar hanyoyin iska, wadda ake zana ta da kibiyoyi, a ga inda iskoki ke taruwa da inda suke watsewa. Inda suka taru, tilas wata ta hau sama, idan kuwa mai laima ce ta hau, gajimare ya samu.

Abu na farko da mai zane yake nema a taswirar Afirka ta Yamma shi ne wani layi guda. Iska biyu ce ke rabon wannan yanki: busasshiya mai fitowa daga Sahara, wadda ke kawo hunturu, da mai laima wadda ke tasowa daga Tekun Atlantika. Inda suka yi karo shi ne layin, kuma ana gane shi ta wurin juyawar iska da kuma bambancin laima tsakanin tashar da ke kudu da shi da wadda ke arewa. A watan Janairu yana can kusa da bakin teku. Daga nan ya riƙa rarrafowa arewa yana bin rana, ya ƙetare Zariya, ya ƙetare Kano, har a watan Agusta ya kai wajen digiri 20, can arewa da Agadas, sa'an nan ya juyo da sauri.

Ga inda asirin ruwan yaudara yake. Ranar da layin ya wuce Babura ba ita ce ranar da damina ta zauna ba. Iskar teku tana shigowa ne ta ƙarƙashin busasshiyar kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya. Kusa da layin kaurinta kaɗan ne, ba ta isa ta ciyar da hadari a kai a kai ba. Ana samun zafi mai gumi, da gajimare, da guguwa, da ruwa jefi-jefi: bazara ke nan. Ruwan gaske yana baya da ɗaruruwan kilomita. Bugu da ƙari, layin ba tafiyar soja yake yi ba, yakan ci gaba yau, jibi ya ja da baya. Idan ya leƙo arewa aka yi ruwa ɗaya mai kyau, sa'an nan ya koma kudu ya yi mako biyu, to, wanda ya shuka ya shiga uku. Manomi yana ganin laimar gonarsa kaɗai, mai taswira kuwa yana ganin ko layin ya yi nisa sosai ko yana nan a bakin ƙofa.

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa, alhali kuwa iskar da ta kawo laimar daga yamma ta fito. Balan-balan ce ta warware wannan. A sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Ita ke jan hadari, kuma tana tafe tana lanƙwasa kamar maciji. Kowace lanƙwasa takan ratsa wuri bayan kwana 3 zuwa 5, tana tada hadari a gabanta, shi ya sa a tsakiyar damina ruwa yakan zo ya huta 'yan kwanaki ya sake zuwa. Wasu daga cikin waɗannan lanƙwasoshi, bayan sun shayar da gonakin Gumel da Kazaure, sukan faɗa teku ta wajen Dakar su riƙa girma har su zama mahaukaciyar guguwar da ke rushe gidaje a Amurka. Wannan ne ya sa Amurkawa suke sa ido a kan samaniyar Afirka ta Yamma fiye da yadda mutum zai zata.

Hazo ma a taswira ake hango shi. Mafi yawan ƙurar hunturu daga wani kwari take tashi a arewacin Cadi, kusa da Faya, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Idan tashar can ta aiko cewa iska ta yi ƙarfi gari ya rufe, an san cikin kamar kwana ɗaya ƙurar za ta iso Kano. Wannan yana cikin kirdadon da ya fi faɗuwa daidai.

IDO DAGA SAMA

Babban canji ya zo ne da tauraron ɗan'adam. Amurka ta harba na farko mai ɗaukar hoton gajimare ranar 1 ga Afrilu, 1960. Wanda ya fi shafar Afirka shi ne Meteosat na ƙasashen Turai, wanda aka fara harbawa a 1977. Yana can kimanin kilomita 36,000 bisa tekun da ke kudu da Gana, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum kamar a tsaye yake wuri ɗaya yana kallon nahiyar. Samfurin da aka fara harbawa a 2002 yana aiko da hoto bayan kowane minti 15, sabon da aka harba a watan Disamba na 2022 kuwa bayan kowane minti 10.

Ko da dare yana gani, domin zafin abubuwa yake aunawa. Gajimaren hadari yana yin tsiri har ya wuce kilomita 12, kansa ya yi sanyi ƙwarai, sai ya fito fari fat a hoton. Idan aka jera hotunan sa'a biyu ko uku, za a ga dunƙulen yana tafiya yamma, galibi da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Lissafin da ya rage ɗan firamare ma zai yi shi. Hadarin da ke kan Nguru da ƙarfe 3 na yamma, idan bai watse a hanya ba, zai ratsa Maigatari ya iso Babura wajen magariba, ya kai Kazaure da Roni bayan isha'i. Sa'a uku ba abin rainawa ba ne ga mai shirin watsa takin zamani, ko mai fesa maganin ƙwari a gonar wake, ko makiyayin da dabbobinsa ke cikin kwari. Na'urar rada, mai aika igiyar rediyo ta bugi ɗigon ruwa ta dawo, ta fi wannan ma tantancewa.

Kirdadon gobe da jibi kuwa aikin kwamfuta ne. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya fara nuna a 1922 cewa ana iya lissafa tafiyar iska da alƙalami. Ya shafe makonni yana lissafin kirdadon sa'a 6 kacal, amsar kuma ta fito ba daidai ba, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayi gudu. A 1950 aka fara gwadawa da kwamfuta a Amurka. Yau manyan cibiyoyi, irin wadda ƙasashen Turai suka kafa a Reading ta Ingila a 1975, suna yanka sararin sama gida-gida kamar daran dara, su zuba awon duniya duka, kwamfuta ta lissafa abin da zai faru a kowane gida. Daga 2025 cibiyar ta ƙara da wata hanya ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ta koyi halin yanayi daga awon shekarun baya. Sakamakon irin waɗannan cibiyoyi shi ne asalin ɗan hoton gajimaren da ma'aikaci ke gani a wayarsa.

To, amma a nan sai an yi hattara. Wani bincike da masana na Jamus suka buga a 2018 ya gwada kirdadon manyan kwamfutocin duniya da ruwan da ya sauka a zahiri a arewacin Afirka mai zafi. Abin da suka samu ba mai daɗin ji ba ne: wajen faɗin ruwan gobe a wuri takamaimai, kwamfutocin da ƙyar suka fi wanda ya buɗe littafin shekarun baya ya ce a irin wannan rana akan yi kaza. Dalili kuwa shi ne hadarin nan yakan tashi ne daga ɗan ƙaramin abu, kamar bambancin zafi tsakanin jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya, kuma yakan zuba a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Wanda ya ga wayarsa ta ce za a yi ruwa a Gwiwa da ƙarfe 4, ya ɗauki maganar kamar ta mai kirdadon farashin kasuwar mako mai zuwa.

KIRDADON DAMINA TUN DAGA RANI

Abin mamaki shi ne faɗin halin damina gaba ɗaya ya fi faɗin ruwan jibi sauƙi ta wani fanni. Farin 1973 ne ya tilasta wannan bincike. Ƙasashen yankin Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don ta riƙa haɗa labarin ruwa da na amfanin gona. Da farko masana da yawa sun ɗora laifin farin a kan sare itatuwa da yawan kiwo. Sai a 1986 masu bincike na Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana tafiya ne da zafin ruwan tekuna: idan kudancin Atlantika ya fi arewacinsa ɗumi, iskar damina ba ta samun ƙarfin shigowa can ciki. Ɗumamar Tekun Fasifik da ake kira El Nino ita ma sau da yawa takan rage ruwan yankin. Da yake teku ba ya sauya zafinsa da sauri, awon watan Maris yana iya ba da haske a kan watan Agusta. Tun 1998 masanan ƙasashen Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin damina su fid da matsaya ɗaya.

A Nijeriya, NiMet tana fid da nata kirdadon a farkon kowace shekara, da taswirori masu nuna lokacin da ake sa ran damina za ta kama, da lokacin ɗaukewarta, da tsawonta, da yawan ruwan, da wuraren da ake tsoron fari a tsakiyarta. Tana kuma fassara shi da Hausa. Kamawar damina a wurin masana ba ruwan farko ba ne. Ma'aunin da aka fi sani a Sahel, wanda wani masani na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai ya tsara a 1988, ya ce sai an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Milimita 20 ba ƙaramin ruwa ba ne: a kan kadada ɗaya lita 200,000 ke nan, watau duro 1,000. Amma a lura da rabi na biyu na sharaɗin. Ba a tabbatar da shi sai wata guda ya wuce, manomi kuwa gobe da safe zai shuka. Iyakar abin da kirdado zai yi masa shi ne ya gaya masa cewa ruwan da ya zo mako uku kafin lokacin da ake sa rai abin tuhuma ne, kada ya zuba irinsa duka.

Wannan ɗan haske ma yana da daraja. Idan an ce damina za ta makara ko za ta gajarta, mai hankali zai nemi iri mai saurin nuna, irin geron sosat da wake ɗan wuri, ya rage dawa mai daɗewa, ya ƙara riɗi. Idan an ce ruwa zai yi yawa, sai a gyara magudanai a yi yaɓe tun da wuri. Wannan gefe na biyu yana ƙara nauyi. Wani bincike da aka buga a 2017, bisa hotunan Meteosat na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jihar Jigawa, da suka cinye gonaki suka rushe dubban gidajen ƙasa, sun isa shaida. Ƙasar da ta saba kukan fari yanzu tana kukan abu biyu.

INDA GIZO KE SAƘA

Tauraron ɗan'adam ba ya auna ruwa, sanyin kan gajimare yake aunawa, sa'an nan a ƙiyasta. Ƙiyasin ba ya daidaita sai an gwada shi da ma'aunin da ke ƙasa. Haka ita ma kwamfuta, abin da aka ba ta shi take tauna. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗin cewa tashoshin Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata a samu ba. Tsakanin Babura da filin jirgin Kano akwai kusan kilomita 100, kuma a wannan yanki gonaki biyu da ke tsakaninsu tafiyar sa'a ɗaya a ƙasa suna iya bambanta ƙwarai a ruwan shekara. Ranar da taswira ta sa wa Babura, ke nan, an ciro ta ne daga awon maƙwabta. Tashoshin da aka kafa domin matuƙin jirgi sun yi masa aiki, amma ba a jera su domin mai sungumi ba.

Maganin wannan ba ya bukatar kumbo. A Mali, tun 1982 hukumar yanayi ta fara raba wa manoma ma'aunin ruwa mai araha, ta koya musu karantawa da rubutawa, ana haɗa awonsu da na hukuma, ana watsa shawara ta rediyo bayan kowane kwana 10: wanda ma'auninsa ya kai kaza ya shuka, wanda bai kai ba ya jira. A Nijar kuwa, da damina gidan rediyon ƙasa yakan karanta milimitar da ta sauka gari-gari, har mutumin ƙauye ya saba da jin lissafin ruwa da lamba. Mutanen bakin iyaka da ke kama tashoshin ƙetare sun san wannan.

Ƙasar Babura da Kazaure ba ta rasa waɗanda za su ɗauki irin wannan aiki ba. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai makarantun sakandare, akwai sashen gona a kowace ƙaramar hukuma, da malaman gona na JARDA. Ma'aunin ruwa guda a harabar kowace makaranta da kowane ofishin hakimi, da littafi mai layi, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin karantawa kowace safiya a lokaci guda, ya aika da lambar ta waya, sun isa su cike giɓin da tauraron ɗan'adam bai iya cikewa ba. Wahalar ba ta kuɗi ba ce, ta naci ce. Awon da aka yi wata biyu aka bari don an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko don makaranta ta tafi hutu a tsakiyar Agusta, ba shi da amfani ga kowa. Darajar lissafin Kano ba daga tsadar kwalbar ta zo ba, daga daɗewar da aka yi ana rubutawa ne.

Sa'an nan akwai maganar isar da saƙo. Kirdadon da aka ƙaddamar a babban zaure a Abuja cikin watan Fabrairu, idan ya tsaya a kan teburin darakta a Dutse, bai taɓa gonar kowa ba. Lokacin da ya kamata ya isa ƙauye shi ne Afrilu, kafin a sayi iri, ta bakin malamin gona da mai unguwa da gidan rediyo, kuma da irin maganar da ba za ta yaudari mutum ba. Idan takarda ta ce damina za ta kama wajen ƙarshen Yuni, to, a gaya wa manomi har da cewa tana iya riga haka ko ta makara da kamar mako guda. Jami'in da ya yanke wannan rabin maganar don ta fi daɗin faɗi, ranar da ruwa ya saɓa, shi da takardar za a daina saurara, baɗi kuma magidanci ya koma ga sunguminsa da shamuwa.